Ɗaki na Bakwai a Rediyon Baba

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Ranar sadakar uku ce, ina tsugune a bakin murhu ina tuƙa tuwon baƙi, sai na ji ƙarar nan ta fito daga ɗakin Baba. Muciya ta suɓuce mini ta faɗa cikin toka. Shekara tara ina jin wannan ƙara a gidan nan, ƙarar abin murɗawa na rediyonsa, har na san hannun da ke yin ta. Sai da na miƙe tsaye sannan na tuna cewa mai hannun kwanansa uku a ƙasa. Ashe wani ɗan'uwansu ne da ya zo gaisuwa daga Zariya, ya ga akwati mai fitila ya kai hannu. Maigidana ya daka masa tsawar da ban taɓa jin ya yi wa baƙo ba. Mata a tsakar gida suka dubi juna.

Baba mahaifin maigidana ne. Ban taɓa kama sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu ba. Na ɗauki biro ne saboda abin da na ji a bakin masu gaisuwa: kowa ya san wani gefe nasa, ni kuma ina riƙe da gefen da ba wanda ya sani.

Dattawan masallaci cewa suka yi sahun farko ya yi giɓi. Fataken goro suka ce mutum ne mai kafiya, Allah Ya ji ƙansa. Tsofaffin mata a ɗakin Inna, wato uwar maigidana, suna ta jan carbi, wata ta rage murya ta ce, "Oba-obar nan dai, rediyon nan nasa, a fitar da ita daga gidan. Mutum ya wuni yana magana da waɗanda ba a gani, ai dole." Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba za a taɓa ba." Daga nan ba wadda ta ƙara.

Akwai kuma wani tsoho Bayarabe daga unguwar Mokola, nan cikin Ibadan, abokin Baba na rediyo. Shekarunsu biyu suna hira ta iska kafin su gane cewa tafiyar ƙafa ce tsakanin gidajensu. Ya zo da agbada fara, ya zauna a zaure cikin malamai bai san inda zai sa hannunsa ba. Da aka shafa fatiha ya shafa. Ya ce wa maigidana, "E pele, sannu. Baba naka, kunne nasa babu irinsa." Sai ya cire tabarau ya yi kuka a gaban maza. Wasu suka kau da kai.

Baba ya yi aikin tangarahu a reluwe har ya yi ritaya. Aikin ne ya kawo shi kurmi tun yana saurayi, Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, kuma ta riƙe shi. Yana da lasin na masu rediyon magana, a cikin firam, rataye ƙasa da hoton Makka. Rediyon kuwa ya saye shi ne hannun wani malamin jami'a da zai koma ƙasarsu. Ya kafa dogon bututu a kan rufi, ya ja waya daga nan zuwa bishiyar mangwaron maƙwabta. Sau biyu matan gidan suna shanya a kanta, sau biyu yana fita da kansa ya ba su haƙuri kamar shi ne mai laifin.

Rediyon yana da wurin ajiye lamba guda goma. In ka murɗa babban abin nema har ka kai mitar da kake so, sai ka zaɓi wuri, ka danna wani madanni ka riƙe, ya yi ɗan kuka, shi ke nan ya ajiye. Gobe ba sai ka nema ba, ƙaramin abin murɗawa kawai za ka juya, ƙas, ƙas, ya kai ka. Baba ɗakuna yake kiran su. Ɗaki na ɗaya na tsofaffin abokan aikinsa ne na Kaduna da Jos, masu haɗuwa da hantsi su yi ta zancen ciwon gwiwa. Na uku na Bayaraben Mokola. Na biyar na wani likita a Agadas. Yakan ce, "Duk wanda na ba ɗaki, ba na tashinsa." Wani mai ɗaki na tara ya mutu da daɗewa, amma Baba bai sa kowa a wurin ba.

Abin da ya fi faɗa shi ne, "Saurara tukuna." Ga yara, ga Inna, ga liman ma. In ya kunna rediyo yakan daɗe bai ce uffan ba, don kada ya hau kan maganar wani.

Na ji faɗansa sau ɗaya. Wani babban mai gidan goro ya zo da mutum biyu, a lokacin samun layin tarho zuwa arewa sai an yi sa'a. Suka zauna a ƙofar ɗaki, ina jin su daga madafi.

"Malam, abu kaɗan ne. Ka tambayar mana mutanenka na Kaduna yadda goro ya kwana a can."

"Ba kasuwa ba ce."

"Haba Malam, wa zai ji?"

"Duniya ce za ta ji, Alhaji. Ka ga tana da ƙofa? Na sa hannu a takarda cewa ba zan yi ciniki a kai ba."

"Takardar Nasara!"

"Hannun nawa ne."

Alhajin ya fita yana kaɗa riga, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwar Baba. Amma da motarsa ta faɗi a hanyar Jebba da ɗansa a ciki, wurin wa aka zo? Baba ya wuni a gaban akwatin nan, ko abinci bai taɓa ba, yana bi ɗaki ɗaki, har wani ya hau babur ya je asibitin ya dawo ya ce yaron na da rai, ƙafa ce ta karye. Alhajin ya aiko da ƙwarya guda ta farin goro. Baba ya ce a kai masallaci.

Ni da shi kuwa, surukuta ce irin ta da. In na kai masa abinci, durƙusawa nake a bakin ƙofa, idona a ƙasa, in ajiye in ja da baya. Bai taɓa ce mini fiye da "Allah Ya yi albarka" ba. Duk abin da yake so in sani, ta bakin 'yata ta fari yake aikowa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake kiran ta, ita kuma ta ce masa Tsoho Mai Kunne. Tun tana rarrafe ɗakinsa ne ɗakinta. Sai ta fito da gudu: "Umma, Kaka ya ce miyar jiya ta fi ta yau." Ko kuma, "Kaka ya ce wai ko gishirin kasuwar Shasha ya ƙare ne?" Ni ma ta bakinta nake ramawa. Haka muka yi shekaru muna hira ni da shi, ba mu taɓa haɗa ido ba.

Ciwon suga ya ci idonsa a hankali har ya rufe. Bai daina rediyo ba. Ya liƙa ɗan kakin zuma a kan madannin ajiya don yatsansa ya gane shi, ɗakuna kuma ƙirgawa yake da kunne. Littafin da yake rubuta hirarrakinsa ne kawai ya tsaya.

Yanzu sai in faɗi na bakwai.

Autan Baba, ƙanen maigidana, ya bi fatauci har Laberiya ya zauna can, ya yi aure. A garin da yake akwai wani ma'aikacin ƙaramin asibiti mai irin rediyon Baba. Duk Lahadi bayan la'asar autan yakan je wurinsa, uba da ɗa su gaisa. Inna takan zauna a kan buzu a gefe, ba ta magana, hannunta a kan bakinta. Sai yaƙi ya tashi a ƙasar. Ranar ƙarshe da aka ji su, iska ta cika da hayaniya, mutumin ya ce wa Baba su matsa gaba zuwa wata mita. Baba ya murɗa a makance har muryar ta fito, ya lalubo kakin zuma ya danna, sabuwar lamba ta hau kan tsohuwa a ɗaki na bakwai. Mutumin ya ce za su bar garin, bai san ina za su ba, amma duk ranar da suka sami batir, a nan zai kira, a wannan lokaci. Autan ya karɓa ya ce, "Baba, a yi mana addu'a." Maganar ta yanke.

Ba wanda ya karanta lambar nan. Baba ba ya gani. Inna ba ta yi boko ba. Maigidana yana tashar Ojoo wajen lodin motoci tun safe har magariba. Ni ce mai sakandare a gidan, ni ce mai shiga da kwano sau uku a rana, lambar tana ci da koriyar wuta kamu ɗaya daga goshina. Shekara uku. Ban ɗaga ido ba, saboda mace ba ta kallon kayan surukinta yana zaune. Abin da kawai na taɓa hanga da gefen ido shi ne sha huɗu, da ɗigo, da wani abu mai kama da biyu.

Shekara ukun nan kullum, ba Lahadi kaɗai ba, in ya dawo daga la'asar sai mu ji ƙas sau bakwai. Daga nan sai shuuu, kamar ruwa a kan kwano. Ya zauna da carbi har a kira magariba. Mutane suka ce a yi wa autan sallar gawa. Baba ya ce, "Saurara tukuna."

A cikin akwatin akwai wani ɗan batir kamar kwabo, shi ke riƙe da lambobin in an ɗauke wuta. Ya mutu, mai gyara ya ce babu irinsa a Ibadan. Sai Baba ya sa aka haɗa rediyon da batirin mota a ƙarƙashin tebur, aka ɗaure wayoyi biyu da noti. Muddin suna haɗe, ɗakuna na nan. Wannan bayanin daga baya na san shi. Abin da ya iso gare ni a lokacin ta bakin 'yata shi ne, "Kaka ya ce in hadari ya taso ba ya nan, ki cire baƙar waya mai kauri ta baya, ta eriya, saboda tsawa." Na yi hakan ya fi sau goma.

Ranar wata Talata da damina maigidana ya kai Baba asibiti ganin likita, Inna ta bi su. Da azahar gari ya yi baƙi. A makon nan tsawa ta ƙone talabijin a gida biyu a layinmu, har wata yarinya ta suma. Na shiga na cire ta eriya. Sai aka yi wata tsawa da ta girgiza langa-langa, na dubi fitilar nan tana ci, na ce a raina: in abin nan ya ƙone, da wane ido zan dubi Baba? Na ɗauko filaya na durƙusa na kwance notin batir. Sai da na sa ƙarfi, har na ƙuje yatsa. Fitila ta mutu, hankalina ya kwanta. Da ruwa ya tsaya na mayar da komai yadda yake, na share ɗakin, ina jin na yi abin kirki.

Suka dawo. Baba ya yi la'asar. Ƙas sau bakwai. Shiru. Sai na ji ya koma baya, ƙas, ƙas, ƙas, da sauri, ya sake dawowa na bakwai.  Ya kira maigidana ya ce ya karanta masa gilashin. Na ɗaya, na biyu, har na goma, lamba iri ɗaya. Ɗakunan duka an share su.

"Wa ya shiga ɗakin nan?"

Maigidana ne ya tambaya, a tsakar gida, muryarsa ba tasa ba. Autan ƙanensa ne, ciki ɗaya. Ina tsaye da tsintsiya. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Sai wata maƙwabciya da ta fake ruwa a zaurenmu ta ce ai ta ga yarinyar nan, wato 'yata, tana wasa ƙarƙashin teburin da safe. Gaskiya ne, kullum a can take wasa. Shekararta shida.

Maigidana ya cire bel. Tana ihu tana cewa ba ita ba ce, tana kallona. Ban motsa ba. Ba kuma wanda ya yi mamaki, domin 'yar fari ce, uwa ba ta shiga maganar 'yar fari a gaban surukai. Har yabona aka yi daga baya, wai ina da kara. Baba ne ya fito yana laluben bango, ya ce, "Ya isa. Kar ka ƙara." Maigidana ya yar da bel ɗin, amma ya rantse ƙafarta ba za ta sake taka ɗakin ba.

Na san abin da ya rufe mini baki. Na ga idon maigidana, na san in na ce ni ce, a ranar zan kama hanyar gidanmu. Na zaɓi zamana a kan bayan 'yata. Ba ni da wata kalma mai laushi da zan sa wa abin.

Kwana biyu ba a ji ƙas ba. A na uku na kai abinci, na durƙusa, zan ja da baya, sai ya ce, "'Yata." Na tsaya. "An ce kin yi sakandare. Matso ki zama idona."

Haka na fara ɗaga kai a ɗakin Baba. Yana faɗin lamba daga ka, ina murɗa babban abin nema har ta fito a gilashi, in karanta masa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Zaɓi ɗaki. Danna na kakin. Riƙe, kar ki saki sai ya yi kuka." Muka mayar da mutanen Kaduna, da na Mokola, da likitan Agadas. Har mamacin ɗaki na tara sai da ya sa na mayar. Duk wadda muka ajiye sai ya ce, "Rubuta a takarda." Na rubuta a bayan littafin girkina na makaranta.

Da muka zo na bakwai, ba shi da lambar a ka. Na ce, "Baba, na taɓa hangen sha huɗu, da ɗigo, da biyu." Ya ce, "Wannan unguwa ce, 'yata, ba gida ba. Bayan biyun nan akwai ƙofa ɗari."

Da, a ƙofa ɗaya yake zama yana jira. Yanzu kullum bayan la'asar sai mu bi su duka, ni ina murɗawa a hankali, shi ya karkata kai. Muryoyi su taso su nutse, Turawa, Faransawa, kukan ƙarfe. Wani lokaci ya ɗaga hannu, in tsaya, sai ya sauke. Mutumin da ya sami ragowar batir a daji minti nawa zai yi yana kira? Muna wannan gefe yana iya kira a wancan. Baba ya san haka, ni ma na sani, ba wanda ya faɗa. Bayaraben Mokola ma ya taya mu nema daga gidansa. Ba a ji komai ba.

Wata takwas muka yi. Sau nawa na shirya maganar a madafi, na shigo da ita a bakina! Sai in ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, in haɗiye. Rannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yatsan ya warke?" Na ce wane yatsa, Baba? Ya ce, "Na ji kina daka da hannu ɗaya kwanakin baya." Na ce wuƙa ce. Ya ce, "Allah Ya sawwaƙe." Ya ce in ci gaba da murɗawa.

'Yata kuwa ba ta shiga ba. Takan zagaya bayan ɗaki ta tsaya a kan turmi a bakin taga, ya miƙo mata dabino ta tsakanin ƙarafa, su yi ta ƙus-ƙus. Ni ta daina kawo mini saƙo. In na yi mata kitso sai ta zauna ƙiƙam, ba kuka ba hira.

Baba ya rasu ranar Alhamis da hantsi, a zaune, mutanen Kaduna suna ta kiran sa a ɗaki na ɗaya. Ni na shiga na same shi. Ban san yadda ake amsa musu ba, sai na rage muryar kawai, na fita na kira Inna. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Har yau da nake rubutun nan ba labarin autan, ko na rai ko na mutuwa. Inna takan tambaye ni bayan la'asar ko na kunna. Nakan kunna. Ba ni da izinin magana a kai, amma sauraro ba ya son takarda.

Allah Ya gafarta wa Baba, Ya yalwata masa makwanci, Ya saka masa da haƙurin da ya yi da mu. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya sa shi a addu'a, ya sa autan, in da hali ya sa ni.

Ranar sadakar bakwai, bayan baƙi sun watse, ina wanke tukwane a bakin rariya. 'Yata ta zo ta tsaya a gabana, ta harɗe hannu a baya yadda take yi a da in ta ɗauko saƙo. Rabon da in ga tsayuwar nan wata takwas.

"Umma, Kaka ya ce in gaya miki, amma sai ya tafi."

Na ajiye soso.

"Ya ce hannuna ba zai iya kwance notin nan ba, ya sani tun ranar. Ya ce ki daina kuka in kina daka, yana ji. Ya ce nasa ya yafe." Ta dube ni cikin ido. "Amma ya ce ni aka daka, don haka ni za ki roƙa. To, ga ni."